Furen Albasa a Gidan Sauro

"Na ce ka daina zuwa, Waliyyu! Ka tahi ka nemi mai lahiya!"

Iklima na zaune a bayan zanar da aka kare ƙofar zaure da ita, ta manna kunnenta na dama a jikin zanar, don shi kaɗai ya rage mata. Na hagu sanƙarau ya tafi da shi, ya kuma bar ta da ƙafafu kamar na aro, ko bakin rijiya ba ta kaiwa sai da sanda.

Shekarar annoba ce, jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba. An rufe makarantu, kasuwar Jega ta yi sanyi, mahaifinta Alhaji Attahiru mai atamfa ya kafa doka a gidansa: baƙo iyakarsa zaure, na ciki kuma ba fita. Ko Waliyyu, manomin albasar Aliero da aka sa musu rana tun kafin ciwon, muryarta kawai yake samu.

"Iklimata," ya ce da ɗan ɗaga murya don ta ji, "ni lahiyarki nika nema, ba wata mai lahiya ba."

"Mi za ka yi da kurma? Mi za ka yi da wadda ko ruwan alwala ba ta iya kawo maka?"

"Amana na zo miki da ita."

Ta ji ana jan abu mai nauyi a ƙasa. Ta leƙa ta ƙasan zana, sai ga wani tsohon daro cike da baƙar ƙasa, kawunan albasa sun tsiro a ciki.

"Albasar iri ta, zaɓaɓɓa, wadda munka gada ga kakana. Ki ba ta ruwa da sahe kahin rana ta yi zahi, ta yi hure, ta yi iri."

Haushi ya turnuƙe ta. Ita da ta kasa ba kanta ruwa?

"To ji nan! In ta yi iri a hannuna, na yarda a ɗaura. In ba ta yi ba, ka rabu da ni har abada. Inna shaida ta!"

"Ke ɗiyar nan, ki iya bakinki!" mahaifiyarta Inna Delu ta kwaɗa mata tsawa daga gindin murhu.

Waliyyu ya matso jikin zanar. Can ya ce, a hankali har da ƙyar ta tsinto, "Na yarda."

Ita fa ta faɗa ne don ta tabbata albasar mutuwa za ta yi. Son Waliyyu na nan daram a ƙirjinta, shi ya sa ma ba ta son ta zame masa kaya.

Aka ajiye daron a tsakar gida, daidai tagar ɗakinta. Iklima ta koma gado ta ci gaba da abin da ta saba: kwanciya har hantsi, kunu ya huce a kwano, kitso ya tsufa a kai. Tunaninta ɗaya, Mufida, aminiyarta ta Maiyama. Tare suka kwanta ciwo, ita ta tashi, Mufida ba ta tashi ba.

Inna kuwa, mai kafiya, ko ɗigo ba ta zuba wa daron ba. "Ba ni nay yi alkawari ba," in ji ta.

Ganyen ya fara lanƙwasa, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa. Wata safiya Iklima ta buɗe ido ta gan shi kwance a bakin daro, sai ta ji abu ya soke ta a zuciya.

"Wallahi ba don shi ba," ta ce wa bango, "don dai abin mai rai na."

Kai, Iklima da taurin kai! Ta jawo sanda, ta ɗauki buta, ta fita tana haki. Rabin ruwan a hanya ya zube, jiri ya zaunar da ita a kan turmi. Inna ta turo mata kwanon kunu da ƙafa. Ta shanye tas, don ta gane da yunwa buta ba ta ɗaukuwa.

Haka abin ya ɗinke. Albasa na son ruwa da sassafe, dole ta tashi sallar asuba a kan lokaci. Tunda ta fito, sai ta watsa ruwa a jikinta, kuma mai wanka ba ta mayar da zanen jiya. Ta fara kewaya tsakar gida tana dafa bango, daga baya ta kai rijiya, wata rana ta wayi gari tana jan guga da kanta, sandar na jingine can ta manta da ita.

Bayan ta gama ban ruwa takan zauna a gindin daron, rana na fitowa a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancinta. Sai ta lumshe ido ta ga kanta a fadamar Aliero da ba ta taɓa zuwa ba, tana tafe a kan kunya da kwanon abinci a ka, ganye shar har iyakar gani, Waliyyu na ɗago kai daga nesa yana dariya. A mafarkin nan kullum ta hannun damanta yake zuwa ya tsaya.

Sai ga dogayen karare sun miƙe, kowanne da ƙulli a kansa. Ƙullin ya fashe, fure fari dunƙule-dunƙule ya cika daron. Iklima ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba. Ranar ta yarda a ranta cewa tana son irin nan ya yi, tana so kamar ta mutu!

Amma fa ƙudaje suka yo caa a kan furen, har da ƙudan zuma. A shekarar da kowa ke tsoron ƙazanta? Ina! Ta kore su da mafici, suka dawo. Ta shiga ɗaki ta kwanto gidan sauronta, ta kafa sanduna, ta lulluɓe daron ruf, ta danne gefe da duwatsu. Ita sauro ya yi ta ci, furenta dai ya huta.

An jima Waliyyu bai zo ba, aikin cirar albasa ya riƙe shi. Ranar da ta ji sallamarsa, da sauri ta isa bayan zana.

"Ta yi hure, Waliyyu! Har ya hwara bushewa!"

"Alhamdu lillahi! Masoyiyata, muryarki ma ta canza... Zuma na zuwa dai ko?"

"Zuma? Ko ƙuda guda ban bari ya sauka ba. Da gidan saurona na ruhe ta."

Shiru. Ta ƙara manna kunne, ta zaci jin ne ya gaza.

"Waliyyu?"

"Iklima... su ka ɗaukar garin hure su kai ga wani. In ba su sauka ba, ba a samun iri. Laihina na, ni ban gaya miki ba."

Ba ta san sadda ta koma tsakar gida ba. Ta yaye gidan sauron, ta murje busasshen kai guda a tafinta, ta hura. Ƙaiƙayi. Ta murje wani, ta murje wani, duk fanko. Ta durƙushe ta fashe da kuka.

"Inna, na kashe aurena da hannuna!"

Daga zaure Waliyyu yake kira, "A bar zancen alkawarin nan! Ni ban riƙe ki da shi ba!"

"Ni na riƙe kaina! Gaban mahaihiyata na hwaɗa!"

Inna Delu ta zo ta sunkuya a kan daron, ta ɗaga ganye da yatsa. Can ƙasa akwai wani ɗan kara siriri, ƙanƙane, da ya makara bai kai 'yan'uwansa ba. Ƙullinsa bai ko fashe ba.

"Share hawayenki. Wanga bai gama magana ba."

Kashegari da Iklima ta gama ban ruwa, ta ninke gidan sauron ta mayar ɗaki. Ta jiƙa sukari a murfin kwano ta ajiye kusa da daron, ta zauna jira. Ƙullin ya buɗe. Safiya ta zo ta wuce, wata ta zo. Ranar da ƙudan zuma na farko ya sauka, ta juyo da kunnenta na dama tana sauraron ƙugin fiffikensa, ba ta taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba. Alhaji Attahiru da ya fito alwala ya tsaya ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya wuce.

Zafi ya kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, annoba ta lafa. Ranar kasuwa Waliyyu ya yi sallama, sai ya tarar an cire zanar. Alhaji da kansa ya naɗe ta.

Iklima ta fito da ƙafafunta, ba sanda, sabon kitso a ƙarƙashin gyale, hannunta a dunƙule. Ta buɗe a gabansa. 'Yan baƙaƙen ƙwayoyi ne, ko cokalin shayi ba su cika ba.

"Iyakarsu ke nan," ta ce. "Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ya dubi irin, ya dubi fuskar da rabonsa da ita tun kafin ciwo, idonsa ya cika. Ya kewayo ya tsaya ta hannun damanta.

"Ta yi, Iklimata," ya ce a hankali.

Ta kuwa ji shi sarai.