Takardar Kalori Ɗari Biyar

"Dasom! Wai me nake gani haka? Dankalin ma sai an ɗora shi a sikeli?"

Umma ce tsaye a ƙofar kicin, hannunta duk garin fulawa, don yanzu ta gama kwaɓin taliyar da za ta kai rumfarta a kasuwa. Dasom ba ta ɗago ba. Ta yanke ɗan gefen dafaffen dankalin, ta sake ɗora shi, giram tamanin cif, sannan ta ɗauke shi hoto da waya.

"Karin kumallo ne, Umma."

"Na wa? Na kyanwa? Shekara talatin ina ciyar da mutanen Daegu, 'yar cikina kuma tana mutuwa da yunwa a gabana! Dube ki fa, rigar sanyi a watan Agusta, garin nan da ko ƙwai aka ajiye a titi sai ya dahu!"

"Saura wata biyu kawai, Umma. Plis ki bar ni."

Ta tura hoton ga Yaya Miran, yayar wanda za ta aura, kamar yadda take yi kowace safiya, tare da hoton ƙafafunta a kan ma'aunin nauyi.

Abin ya samo asali ne ranar da iyayen ɓangare biyu suka zauna cin abincin sanin juna. Gitae, saurayin da ya yi shekara uku yana zarya rumfar Umma da sunan son taliya har ya sace zuciyar 'yar mai rumfa, ya zo da mahaifiyarsa da yayarsa. Komai ya tafi lafiya har aka zo maganar gaisuwar surukai, inda bayan ɗaurin aure iyayen ango ke watsa wa amarya magarya a zane, ango kuma ya goya ta ya zaga ɗaki da ita a gaban dangi. Sai Miran ta rufe baki da hannu tana dariya.

"Goyon nan ne damuwata. Bayan Gitae bai da ƙwari tun zamansa a soja. Kada dai a kwashi ango zuwa asibiti ranar bikinsa!"

Aka yi dariyar yaƙe. Dasom ta ajiye tsinkayen cin abincinta, ba ta ƙara ɗauka ba. Kilo sittin da takwas gare ta a lokacin, cikakkiyar mace mai kumatu, kuma ba ta taɓa jin kunyar jikinta ba sai ranar.

Bayan kwana biyu Miran ta kira ta shagon shayi, ta miƙa mata takarda guda. Kalori ɗari biyar a rana, kwana ɗari. Da safe ɗan dankali, da rana ƙwai ɗaya da tumatir, da yamma ƙirjin kaza kamar tafin hannun jariri. Ba shinkafa, ba mai, ba taliya.

"Na riga na kama miki rigar amarya lamba hamsin da biyar, ke kuma saba'in da bakwai kike sawa. Don lafiyar ƙanina nake yi, ƙanwata, kada ki ɗauke ni muguwa. Kullum ki turo min hoto in gani."

Da yammar nan Dasom ta yi kuka a motar Gitae har muryarta ta dushe. Ya riƙe hannunta, ya rantse shi yana son ta a yadda take.

"Kin san halin Yaya Miran, ba a ja da ita. Ki yi haƙuri ki bi ta a hankali, don a zauna lafiya. Ni dai ina tare da ke."

Wannan "ina tare da ke" ita ta riƙe yarinyar nan. Da ita take kwana, da ita take tashi. Sati biyu na farko kilo huɗu suka zube, ƙawayenta a ɗakin karatun unguwa inda take aiki suka yi ta kai-kawo suna tambayar sirrin dayat ɗin. Daga nan sai jiki ya fara magana. Gashi ya riƙa cika mataji. Idan ta miƙe daga kujera sai ta dafa bango. Al'adarta ta ɗauke, ta ɓoye wa kowa. Littattafai biyar da a da take runguma da hannu ɗaya suka koma mata kamar buhun siminti.

Ranar kwana arba'in ta kasa. Suna zaune da Gitae a bencin rumfar Umma, ƙamshin romon kifi ya bugi hancinta, hawaye kawai suka zubo. Gitae ya tura mata kwanonsa.

"Ci abinki. Ba wanda zai ji, daga ni sai ke."

Ta shanye har romon, tana ci tana sa masa albarka a zuci. Washegari da sassafe saƙon Miran ya shigo: "Taliya, ko? Haka za ki yi wa ƙanina?" Dasom ta yi ta mamakin wanda ya gan su a kasuwa. Ta zargi mai sayar da barkono, ta zargi ƙawarta, har Umma sai da ta yi wa kallon tuhuma. Mutum ɗaya ne bai zo mata a rai ba. Ta biya bashin kwanon nan da kwana biyu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa.

Kwana saba'in da ɗaya aka je gwajin riga. Kowa ya san yadda ake yi: ango na zaune a kujera, amarya na bayan labule ana ɗaure ta, a ja labule, shi kuma ya nuna ya ga abin da bai taɓa gani ba. Tun safe Dasom take jin wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, yana harbawa har kafaɗa, amma ta cije. Ma'aikaciyar shagon ta ja igiyar rigar ta ɗaure, ta shiga daram. Aka yaye labule.

Gitae ya miƙe tsaye yana tafi. "Kai! Kai! Dasom, ke ce wannan?"

A shekara uku ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin haka ba. Ta buɗe baki za ta yi murmushi, ciwon ya murɗe ta, fitilun shagon suka juya, ta zube cikin farar rigar.

A asibiti ta farka da ƙarin ruwa a hannu. Likitar, wata dattijuwa mai furfura da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta tsaya a kanta da takardar nan da aka ciro daga jakarta. Umma na gefe ido jajir, Miran da Gitae na bakin ƙofa.

"Wa ya rubuta miki wannan?"

Dasom ta saci kallon Miran.

"To ki saurare ni. Tsakuwa ce ta taru miki a matsarmama, ta toshe hanya, gobe za mu cire matsarmamar. Ramewa da gaggawa na kawo wannan. Kilo goma sha uku kika zubar, amma ba kitse kaɗai ba ne, har da naman jikinki, kuma zuciya ma nama ce. Gishirin jininki ya yi ƙasa, da kin ƙara sati biyu ban san a wane ɗaki za mu same ki ba. Mu kanmu ba ma saukar da mutum ƙasa da kalori ɗari takwas sai mai ƙibar da ke neman ransa, na ɗan lokaci, da abinci na musamman, muna auna jininsa a kai a kai. Ke me ya kai ki? Lafiyarki ƙalau fa!"

Likita na fita Umma ta yi kan Miran.

"Ke! Me 'yata ta yi miki? Kin ga marainiya ba uba, shi ne za ki kashe min ita saboda riga? Wallahi sai unguwarku kaf ta ji abin da kika yi!"

Miran ta ja da baya tana kallon ƙaninta, tana jiran ya buɗe baki. Gitae ya kafa wa takalminsa ido. Ta sake kallonsa. Bai ɗago ba. Nan fa fuskarta ta canza.

"Au, haka ne? Ni zan ɗauka ni kaɗai? To ba zan ɗauka ba!" Ta ciro wayarta ta miƙa wa Dasom. "Karanta, ƙanwata. Na yi laifi, ban musa ba. Amma ki ga wanda ya aiko ni."

"Yaya, don Allah—"

"Rufe min baki!"

Dasom ta karanta. Saƙon farko na Gitae ne zuwa ga Miran, tun kafin zaman iyaye. "Yaya, abokan ofis sun ga hotonmu, sun ce in fara ɗaga ƙarfe tun yanzu saboda goyon biki. Na ji kunya. Ga wani tsari na samo a intanet. Ke ki ba ta, idan daga bakina ta ji za ta yi fushi. Ki ce saboda bayana ne." Ƙasa da shi hotunan ƙafafunta ne a kan ma'auni, ɗaya bayan ɗaya, kowace safiya Miran na tura masa, shi kuma yana amsawa: "Da kyau." "Saura tara." "Ki ƙara matsa mata." Ta ci gaba da ja da yatsa har ta iso ranar kwana arba'in. "Yau ta ci taliya kwano guda a gabana. Ki yi mata magana gobe."

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ɗago ta dube shi.

"Bayan naka fa?"

"Dasom, ki bari in—"

"Tambayarka na yi. Bayan naka yana ciwo?"

Ya girgiza kai.

"Kai ka tura min kwanon da hannunka," ta faɗa a hankali. "Har albarka na sa maka."

Ta juya fuskarta bango. Umma ta buɗe ƙofa ta nuna musu hanya.

Aka yi aiki, aka sallame ta. Mahaifiyar Gitae, wadda ba ta san komai ba sai a bakin Miran, ta zo gida da tukunyar faten shinkafa, ta durƙusa a gaban Umma, babbar mace da ita, tana kuka tana cewa ita ta kasa tarbiyya. Ta roƙi a ɗaga biki kawai, kada a fasa. Dasom ta ɗaga ta da hannu biyu, ta ce, "Mama, ki ba ni lokaci." Gaskiyar magana har lokacin tana son sa, kuma wannan ya fi ɗinkin cikinta ciwo.

Bayan sati uku tana zaune a rumfa tana taya Umma yanka albasa, sai ga Gitae. Ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Ya zauna a benci, ya ciro takardar daga aljihu ya shimfiɗa a gabanta.

"Yau kwana uku ina bin ta. Zan yi saba'in da ɗaya, kamar yadda kika yi. In ya so sai ki yafe min."

Ya kai hannu zai ɗauki kofin ruwa, kofin ya riƙa kaɗawa har ruwan ya zube masa a wando. Dasom ta kalli hannun nan. Ta san rawar, ta san jirin da ke bayanta, ta san yadda ƙamshin romo ke yanka cikin mai yunwa. Zuciyarta ta karye. Ta miƙe da kanta ta zuba taliya, ta cika kwano har baki, ta ajiye masa.

"Ci."

"Na yi alkawari—"

"Na ce ka ci!"

Ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, yana ci yana hawaye, yana ganin an yafe masa. Ta bari sai da ya ajiye kwano. Sannan ta zare zoben daga yatsarta, zoben bai ma yi gardama ba don yatsar ta rame, ta ajiye kusa da kwanon.

"Yanzu na samu amsar da nake nema. Ka cuce ni, ina jin haushinka kamar in mutu, amma minti biyar na kasa kallonka cikin yunwa. Kai ka kalle ni kwana saba'in da ɗaya, kana ƙirgawa."

"Dasom, ina son ki!"

"Na ga wadda kake so. A bayan labule ka gan ta, kuma saura kaɗan a binne ta. Ka gaishe min da Mama."

Haka aka fasa bikin nan, kuma mutane sun yi surutu, don mu nan ba mu iya ganin abu mu yi shiru ba. Dasom ta toshe kunne. Ta bi abin da likita da mai ba da shawarar abinci suka tsara mata, ci uku a rana da tafiyar ƙafa a bakin kogi. Sai da aka yi wata biyar al'adarta ta dawo, gashi kuwa ya kusa shekara kafin ya cike. Ba ta yi gaggawa ba, jikin ma bai yi ba, amma duk abin da yunwa ta ƙwace ya dawo mata, ban da matsarmamar da aka cire.

'Yan mata, da ku nake. Idan rage jiki ya zama dole, likita ake tambaya, a bi a hankali, ba takardar da wani ya tsinto a waya ba. Yunwa ba ta zaɓar kitse, har zuciya take ci. Kuma duk wanda ya iya zama yana ƙirga ramarki da murna, ko da wane baki ya ce yana son ki, ki tashi ki bar masa wurin tun kina iya tsayawa da ƙafarki.