Hujajjen Kwando

"Fa'izu, Baba ya ce kada ka sake zuwa..."

A soron gidansu Muhsina ta faɗa masa, can cikin lungun Shahuci, bayan la'asar. Shi kuwa yana tsaye a sunkuye, don azarar soron nan ba ta taɓa barinsa ya miƙe ba.

"Laifin me na yi, abar ƙaunata?"

"Ba laifi ba ne. Sana'arka ya tambaya."

"Ba ki ce masa ƙwallon kwando nake bugawa ba? Sana'a ce fa, ba wasan yara ba!"

"Na faɗa! Har murna ya yi da ya ji kwando, ya zaci abokin sana'arsa ne."

Malam Isyaku, mahaifinta, masaƙin kwando da lefe ne a Kasuwar Kurmi.

Ta goge ido da bakin hijabi. "Ni na ɓata komai. Rawar jiki ta sa na nuna masa wasanku a waya. Ya kalla, ya kalla, sai ya ce, 'Wannan kwandon ai a huje yake! Duk abin da aka jefa, ƙasa yake faɗowa. A cikinsa zan zuba 'yata?'"

Fa'izu ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Maganar tsoho ba ta faɗi ƙasa ba. Gasar ƙasa ta daɗe a tsaye, manya suna can suna kokawar kujera, 'yan wasa suna nan suna hamma.

"Ki ce masa za a dawo da gasar..."

"Bara ma haka ka ce."

"Muhsina..."

"Ni kaɗai na rage masa tun rasuwar Umma. Ba zan saɓa masa ba, ko da zuciyata za ta fashe!"

Ta shige gida da gudu. Garin fita ya manta bai sunkuya ba, ƙofar ta buge masa goshi. Bai ma ji ba.

Daga ranar duniya ta yi masa faɗi. Kullum da hantsi yana filin wasa shi kaɗai, abokan wasansa duk sun watse. Ƙasimu, wanda a da ko ido a rufe ya san inda zai jefo masa ƙwallo, yanzu adaidaita sahu yake ja. Ɗayyabu ya samu kulob a ƙasar waje. Benci duk kashin tantabaru, ragar kwandon ta zama tsumma. Ya jefa, ta faɗo, ya bi ta ya ɗauko da kansa. Babu mai tafi, babu ma mai zagi. Wanda bai taɓa wasa a gaban jama'a ba, ba zai san ana kewar zagi ba.

Idan ya koma gidansu a Dala, sai ya ɗauki Inna Lauratu, mahaifiyarsa da ɓarin jikinta ya shanye, ya fito da ita tsakar gida ta sha iska.

"Ina 'yar Shahuci? Kwana biyu ba ka sa turare."

"Tana nan, Inna..."

Wata safiya Koci Sabo, mai horar da su, ya same shi a fili, da tsohon usur ɗinsa a wuya, wanda ya daɗe ba a hura ba.

"Ɗayyabu ya sake kira. Kulob ɗinsu na neman dogo irinka. Tashi ka tafi, yaro! Nan ba gasa, ba yarinya, gadin siminti kake?"

"Wa zai ɗaga Inna, Koci? Ƙannena mata ba sa iyawa."

"To Muhsina fa? Ai an kore ka!"

"An kore ni daga soro ne. Gara ina jin kiran sallar da take ji."

Koci ya daɗe yana kallonsa. Sai ya hau babur ya nufi Kurmi.

A can ya tarar da Malam Isyaku shi kaɗai a rumfa, lefuna jere har sama. Tun da akwati ya shigo gari, sunan lefe kawai ya rage a bakin mutane, kwandon kansa babu mai tayawa. Amma tsohon yana zaune yana saƙa wani sabo. Koci ya gaishe shi, ya zauna, ya zayyana masa komai.

Washegari Fa'izu ya shigo fili kansa a ƙasa, ya jefa ƙwallo daga nesa yadda hannu ya saba. Ya saurari faɗowarta... shiru!

Ya ɗaga kai. Ragar nan babu ita. Lefen kaba ne sabo fil ɗaure a bakin ƙarfen, ƙwallon kwance a ciki. Ga tsani jingine, ga Koci, ga Malam Isyaku a kan benci yana karkaɗe riga.

Fa'izu ya zube. "Baba... barka da hantsi."

"Wanda ya saƙa muku na farko bai gama aikinsa ba," in ji tsohon. "An ce an kira ka ƙasar waje ka ƙi?"

"Haka ne, Baba."

"Wauta ce. Irin tawa ce kuma. Ni ma kullum ina saƙa abin da ba a saya." Ya gyara murya. "Yarinyar nan ta daina cin abinci, tuwona ma ya daina daɗi. Da safe ka riƙa zuwa rumfa, tsawon nan naka ya sauko min da kayan sama. Da yamma ka zo ka yi ta jifanka har manyanku su gaji da faɗa. Ka turo magabatanka!"

Hawaye ya ɓalle wa Fa'izu, ƙato guda, yana ta "Na gode, Baba... na gode..."

Koci ya kalli sama ya sosa ƙeya. "To Malam, yanzu yaya za mu sauko da ƙwallon?"

"A bar ta mana! Yau dai ta samu wurin zama."