Kwalabe Biyar na Aji Biyu

"Wa ya yi feshi a ajina?"

Malamai huɗu ne a ofis, kowa ya duƙar da kai a kan rajista kamar yau ya fara ganin sunayen yaransa.

"Tambaya nake yi! Wa ya rufe tagogin ajina ya fesa maganin ƙwari?"

Kwalba ce a hannuna.

Malamar aji uku, wadda yara ke kira Anti Kwalliya, ta ɗago a hankali tana gyara zoben yatsanta.

"Malama, rage murya mana, ba tashar mota ba ce nan. Gobe sufeto zai zo, an yi wa kowane aji feshi ranar Asabar. Ko naki ajin a wata ƙasa yake?"

"Na rubuta a ƙofa! Da manyan baƙaƙe na rubuta kada a fesa!"

"Ayya... ai ban gani ba." Ta leƙa kwalbar ta yatsine fuska. "Sun mutu? Allah ya ba ki haƙuri. Ki faɗa mana lokacin da za a zauna karɓar gaisuwa."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Mako biyar muka yi a kan kwalaben nan, ni da yarana talatin da huɗu 'yan shekara bakwai. Su suka gano ƙwayayen malam-buɗe-littafi da idonsu a jikin ganyen lemun tsamin da ke bayan aji. Muka raba su kwalba biyar, na rufe bakin kowacce da guntun gidan sauro da na tsinto a shagon ɗinkin Babana. Kullum da safe kafin a kira suna, kowane rukuni zai sa sabon ganye, ya zana abin da ya gani. Sun ga tsutsa ta fito, sun ga ta ci ta yi ƙiba, sun ga ta daina ci ta manne a tsinke ta rufe kanta cikin kwanso. Saura kwana uku ko huɗu malam-buɗe-littafi ya fito.

Kafin na zo, hoto ake mannawa a bango, yara su yi ta rerawa har muryarsu ta dushe. Su ci jarrabawa, su fito waje su take tsutsa da takalmi, ba su san ita ce ta hoton ba. Shekara goma sha biyu ana haka, kuma kowa yana barci lafiya!

Na wuce ofishin Mataimaki, mai bi wa shugabar makaranta, ban ko ƙwanƙwasa ba.

Mahaifiyarsa ce Mai Makaranta, shi ne kuma wanda saura wata biyu ya zama mijina. A kwalejin horar da malamai na fara ganinsa, ya miƙe a tsakiyar lacca yana cewa malamin da bai taɓa sa yaro ya taɓa ƙasa ba, mai gadin aji ne kawai. Aka kore shi daga ajin ranar. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara mallakar zuciyata ba.

"'Yar rigimata... me ya faru kuma?"

Na dire kwalbar a kan teburinsa. Ya kalle ta, ya kau da kai.

"Sa hannun wa ke kan takardar feshin?"

"Nawa ne."

"Ka san suna ciki. Ni na faɗa maka, kana dariya kana cewa ka zama kakan tsutsotsi."

"Takardu sun yi min yawa, Zuciyata. Malamar aji uku ce ta kawo jerin, na sa hannu. Wataƙila ma ba su mutu ba..."

"Taɓa ka gani. Mai rai idan ka taɓa shi motsi yake yi. Duka biyar na taɓa."

Bai taɓa ba. Ya zagayo ya tsaya kusa da ni, ya sassauta murya irin yadda ya san ba na iya yi masa musu.

"Alfarma ɗaya. Kada ki faɗa wa yaran yau. Idan suka koma gida da kuka, gobe iyaye za su cika mana ƙofa a gaban sufeto. Kin san Mama, neman abin da za ta riƙe a kanki take yi. Ki bar min komai, zan gyara."

"Me za ka gyara? Rai za ka mayar musu?"

"Ki yarda da ni mana, Ƙanwata. Kwana ɗaya tak."

Na yarda. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Na kai yaran gindin bishiya na ce warin magani ne ya hana mu shiga aji. Suka yi ta tambaya, ni kuma na yi ta cewa gobe.

Washegari ina shigowa Anti Kwalliya ta tare ni da tarin rajista.

"Goggo ta ce ki taya ni jera su."

Mai Makaranta yayar mahaifinta ce. Tun tana yarinya dangi ke tsokanarta da cewa ita ce matar Mataimaki, ita kuma ba ta taɓa ɗaukar maganar a wasa ba.

Haka aka riƙe ni a ofis har sufeto ya iso. Dattijo ne mai tabarau, ba ya yawan magana. Tare muka taka zuwa ajina: shi, da Mai Makaranta, da Mataimaki, ni a baya.

Tun daga baranda na jiyo ihu.

"Malama! Malama! Sun fito!"

Na kutsa ciki.

A kowace kwalba akwai malam-buɗe-littafi guda, fari tas, yana dukan gilashi da fukafukai. Na juya na kalli Mataimaki. Murmushi yake yi, akwai ƙaiƙayin ciyawa a ƙafar wandonsa.

Kamo su ya yi. A lambun bayan makaranta ya kamo su ya zuba.

"Ka gani, ranka ya daɗe," in ji Mai Makaranta tana washe baki. "Mu nan a aikace muke koyarwa. Ɗana ne ya tsara."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya buɗe littafinsa.

Sai ihun ya fara raguwa. Yaran rukuni na uku sun haɗa kai a kan kwalbarsu suna ƙus-ƙus. Wata mai giɓi a baki ta ɗaga hannu.

"Malama, ba kin ce idan ya fito kwanson zai tsage ya zama fanko ba?"

"Na ce."

"To namu a rufe yake."

"Namu ma!"

"Namu ya yi baƙi!"

"Malama, kuma kin nuna mana uwarsu a bishiya, baƙa ce mai ɗigon rawaya. Wannan fari ne."

"To ta ina ya fito, Malama?"

Idanu sittin da takwas a kaina. Mako biyar ina roƙonsu su duba da kyau, kada su yarda da abin da ba su gani ba. Ga shi sun duba.

Na kalli Mataimaki. Ya girgiza min kai kaɗan, leɓensa na motsi ba sauti: don Allah.

Na san abin da yake so. In ce wani lokaci haka yake faruwa. Kalma biyar ko shida, yara su yi shiru, sufeto ya rubuta yabo, Mama ta sauko, a yi biki.

Ina son mutumin nan. Allah ya sani ina son sa.

Na durƙusa daidai tsayin yarinyar.

"Kun duba daidai. Bai fito daga ciki ba. Na cikin kwanson sun mutu tun ranar Asabar, maganin ƙwari ne ya kashe su. Waɗannan daga waje aka kamo su. Na san sun mutu tun jiya ban faɗa muku ba, ku yafe min."

Sai wani ya fashe da kuka, saura suka ɗauka.

"Wa ya sa su a ciki, Malama?"

Na juya wajen Mataimaki. Na ba shi dama. Na ƙirga har goma a raina, ina jiran in ji muryar nan da ta taɓa girgiza ɗakin lacca.

Agogon hannunsa yake kallo.

Sufeto ya rufe littafinsa, ya cire tabarau ya goge.

"Yaran nan sun iya kallo," ya ce. Ya juya ga Mai Makaranta. "Mu je ofis, ina da tambayoyi."

Bayan ya tafi aka kira ni. Mai Makaranta ba ta ce in zauna ba.

"Ke! 'Yar tela! Ni za ki tozarta a makarantar da na gina da gumina? A kan tsutsa?"

"Mama, ba a kan tsutsa ba ne..."

"Kada ki ƙara ce min Mama! Tun ba ki shigo gidana ba kin tsiraita ɗana a gaban baƙo, ina ga kin shigo?"

"Goggo, ki bi a hankali saboda hawan jininki," in ji Anti Kwalliya tana miƙa mata ruwa. "Ai na faɗa miki, masu ilimin nan ba sa ganin kowa da gashi."

A gida ma ban samu sauƙi ba. Umma kuka ta sa min.

"Wace irin zuciya ce da ke? Miji kamar wannan! Yaran da nan da jibi sun manta? Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya?"

Keken ɗinkin Baba kawai na ji ya tsaya, ya daɗe bai tashi ba.

Da yamma Mataimaki ya zo. Muka tsaya a ƙofar gida, ya rame a wuni ɗaya.

"Na shawo kan Mama. Ta ce ki rubuta takardar ban haƙuri, ki ce ruɗewa kika yi. Shi ke nan, komai ya wuce."

"In ce yaran ne ba su gani daidai ba?"

"Wa ya ce haka? Takarda ce kawai, a fayil za ta zauna."

"Zan rubuta. Zan ba ta haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi a ofishin malamai, har ƙasa zan durƙusa. Amma ni ma ina da alfarma ɗaya."

Fuskarsa ta washe. "Faɗi, Zuciyata. Ko mene ne."

"Gobe ka shigo ajina ka ce musu kai ka sa. Ka ce ka yi kuskure."

Ya yi dariya, sai ya ga ba dariya nake ba.

"Ni? Mataimakin shugaba? In ba 'yan shekara bakwai haƙuri?"

"Yau sun koma gida suna zargin junansu. Rukuni na ɗaya sun ce na biyar ne, har da dambe a bakin ƙofa. Minti ɗaya zai ɗauke ka, Yayana."

"Don ke na yi fa! Tun da sassafe nake bin ciyawa kamar mahaukaci don kada ki ji kunya!"

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi min ciwo. Ka sha wahalar kamo biyar, amma ba ka tsaya ka kalli cikin kwalba ɗaya ba. Yaushe ka daina kallo?"

"Kwaleji daban, duniya daban. Za ki gane."

"Ƙarfe takwas. Zan bar maka ƙofa a buɗe."

Na bar ta a buɗe.

Takwas ta yi, muna kiran suna. Takwas da kwata na jiyo takunsa a baranda, na san shi ko cikin dubu. Zuciyata ta hau bugu kamar ranar da ya fara ce min yana so na. Takun ya matso, ya rage sauri daidai ƙofata. Na ga inuwarsa a ƙasa.

Ta tsaya.

Sannan ta wuce.

Kafin tara Anti Kwalliya ta shigo da ambulan, da sabon hoto naɗe a hammatarta.

"Saƙonki. An ce in karɓi ajin daga yau." Ta dubi taga. "Ki kwashe kwalabenki, wari suke min."

Takardar sallama ce. Sa hannun da ke ƙasa na san shi, na sha ganinsa a ƙarshen wasiƙun da ke cikin akwatina.

Na yi wa yaran sallama. Ban yi kuka a gabansu ba, sun yi isasshe. Na dai ce musu babu ɗaya daga cikinsu da ya sa, kada wanda ya ƙara dukan wani.

A bakin ƙofar makaranta ya cim min, yana haki.

"Mama ce ta tsaya a kaina... ba ni da yadda zan yi. Maganar aurenmu ma ta ce a dakata, amma idan ta huce..."

"Ba sai ta huce ba. Baba zai aiko muku da amsa."

Idanunsa suka kawo ruwa. Nawa ma.

"Haba, Zuciyata. Duk wannan... da kin yi shiru na minti ɗaya kawai."

Na gyara riƙon jakata.

"Da ka yi magana na minti ɗaya kawai."

Mai gadi ya buɗe min ƙofa. Na fita, shi kuma ya koma ciki, don an buga ƙararrawa.