Salkar Zayyanu

Gab da magariba Inno ta aike ni zaure in kira ƙanena Zayyanu ya ci tuwo. Shi kullum a kira shi, ni kuwa in nemi kwanona.

Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi. Shekara tara ina fiɗa a unguwar Gawon Nama, amma shi Baba ya tura duwatsun Abzin sayen raƙuma. Ya dawo da labari fal baki: duwatsu baƙaƙe, sanyi mai fasa leɓe, koramu busassu masu farin yashi. Kowa ya saki baki yana ji.

Ya ce a cikin wata korama ya shimfiɗa tabarma ya kwana, don yashin ya yi masa laushi. Ashe hanyar mutanen ɓoye ce, suka biyo shi. Wani tsohon Buzu ya tona yashin, ya cika masa salka da ruwan da ya fito, ya ce duk magariba ya zuba musu tafi guda a ƙasa, ruwan baƙo. Ran da ta ƙare a haka za su koma gida.

Tab! Ni na ɗauka iyayi ne.

Ban same shi a zauren ba, ya fita alwala. Salkar na rataye. Na kwance bakinta, na juye ta kaf a kwata.

Sai kiran sallar ya yi nisa.

Ƙanshin jiƙaƙƙen yashi ya cika zauren. Sanyi ya kama ƙafafuna. Can daga arewa na ji gurnani, duwatsu na gungurowa suna karo, ruwa na tafe. A Sakkwato, da rani!

Yashi ya rufe mini idon sawu.

Wata murya ta yi raɗa dab da kunnena: “Ina ruwan baƙo?”

Zayyanu ya shigo, buta a hannu. Ya dubi salkar, ya dube ni.

“Yaya,” ya ce a hankali, “mi kay yi? Saura kwana ukku ta ƙare.”

Na bangaje shi na fita a guje, takalmina na can.

Tun daga ranar, ruwa bai ƙara kashe masa ƙishi ba. Ya sha, ya tofar da yashi. Kwana na bakwai ya nufi arewa da ƙafa, ba a sake ganinsa ba.

Ni ake turawa sayen raƙuma yanzu. Duk sa'ad da na dawo, Inno kan tare ni a ƙofa, ba ta ko duban kayana.

“Sa'ad, ka gane shi can?”