Ranar da Illa Ya Ɗaga Ido Gaban Surukinsa

"Wallahi ba zan shiga gidanku ba, Hinda!"

Illa ne tsaye a bayan danga, ya danne idonsa na hagu da bakin riga, jini har wuya. Bijimin da yake jan ruwa da shi ne ya kaɗa kai a bakin rijiya, ƙahon ya tsaga masa fatar ido ta ƙasa.

"To ina za ka? Lokotoron Nasara yana can asibitin Magariya, ga damina ta yanke hanya. Kafin ka isa idon ya lalace..."

"Gara haka da in tsaya gaban Baba."

Kai, jama'a! Duk garin Mallawa babu wanzami kamar Barau, mahaifin Hinda. Tun da aka sa musu ranar aure da Hinda, Illa in ya hango surukin nan nasa sai ya faɗa cikin gero, ko ƙaya zai taka.

Ita ma Hinda ba ta taɓa furta sunansa gaban iyayenta ba. Amma tsoro ya fi ƙarfin kunya, ta shiga ta durƙusa.

"Baba... Illa ne. Idonsa..."

"Ke!" in ji uwarta Dada, ta kama baki. "Yau kuma sunan kike kira gatsal?"

Barau zabirarsa ta kayan wanzanci kawai ya ɗauka. Da kansa ya jawo Illa cikin zaure, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ya tafasa allura da zare.

"Ƙwayar idon lafiya lau, fatar ce za a ɗinke. Ɗaga ido sama ka dube ni."

Illa ya ƙara sunkuyar da kai.

"Yaro, ka dube ni na ce!"

Ina! Ya ƙi ɗagowa. Barau ya ajiye allura.

"In kana kallon ƙasa, ƙwayar zan soka. Ba zan makantar da ɗan mutane ba."

Hinda na laɓe tana ji. Tana son yaron nan, so na gaske. Ta fito daga bayan ƙyaure, ta tsaya dab da bayan mahaifinta, fuskarta sama da kafaɗarsa.

"Masoyina..." in ji ta, "ba Baba za ka kalla ba. Ni za ka kalla."

A hankali Illa ya ɗago. Allura ta shiga ta fita, ta sake shiga. Hawayen Hinda na zuba, amma ba ta kau da kai ba, shi ma haka.

Barau ya ƙulla zare, ya yanke, ya goge hannu. Bai waiwayi 'yarsa ba.

"Dada!" ya ɗaga murya. "A matso da bikin nan, ba sai an jira kaka ba. Yaron da nake soka wa allura, ko ƙiftawa bai yi ba."