Bakwai ko Takwas

"Wallahi ba ni na rubuta ba, ajidan."

"Ban ce ke ce ba, Malama. Karanta mani kawai."

Malama Hasna ta karɓi takardar. Da safiyar nan Ya Meram, wata manomiya, ta iske ta ɗaure da harsashi a jikin injin ban ruwa, a gonarta ta tattasai da ke bakin Komadugu. Da Ingilishi aka rubuta: ta bar gonar kafin wa'adi ya cika ko a yanka ta. Kafin azahar unguwa ta yanke hukunci cewa mutanen daji ne, kuma Hasna, ƴar gudun hijirar da ta koyar da Ingilishi a Damasak, ita ce marubuciyarsu. Yanzu matasa sun cika ƙofar jandarmomin Diffa, suna jiran ta fito.

Hasna ta tsaya a kan kalma ɗaya, ta wa'adin: sennight. Ta ce wa Ajidan Zarami, babban jandarman ofishin, sau ɗaya ta taɓa ganin ta, a wani tsohon littafi. Turawan zamanin da, dare suke ƙirgawa, ba rana ba, shi ya sa suka dunƙule "dare bakwai" ya zama sunan mako. Kalmar ta mutu tun zamanin kakanni. Duk Barno ba mai rubuta ta.

Zarami ya kira Sadiq mai kwalekwale, wanda aka gani kusa da gonar. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma kifi ya kai kasuwa, da shaidu. Ya sallame shi.

Sai Ya Meram, idanunta sun kumbura. Ta ce kwana takwas aka ba ta. Wa ya faɗa mata? Mudassir, sakataren ƙungiyar manoma, shi ya fara karanta mata takardar. Har ya yi tayin girbe mata tattasan, ita ta tsira da ranta.

Mudassir ya shigo yana murmushi.

"Ka iya Ingilishi?"

"Kaɗan-kaɗan, ranka ya daɗe. Da ƙamus nake lallaɓawa."

"Ƙamus na wa?"

"Na marigayi babana. Tafinta ne tun zamanin Nasara."

"Kwana nawa takardar ta ce?"

"Takwas."

"Bakwai ta ce."

Zarami ya aika aka ɗauko ƙamus ɗin, na Faransanci da Ingilishi, tsoho, bangonsa ya ɓare. Ya buɗe wajen huitaine, kalmar da ƴan lakwal, masu karatun boko, ke kiran mako da ita a Faransanci, wato kwana takwas. A gabanta ga sennight, an ja mata layi da biro.

"Da Faransanci ka yi tunani, ka nemo fassara don a ce daga ƙetare ta fito. Da karanta ta ka yi, bakwai za ka ce. Abin da ke cikin kanka ka faɗa mata."

Mudassir ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

A waje dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Hasna ta roƙi a fitar da ita ta baya. Zarami ya ɗauki hularsa da ƙamus ɗin.

"A'a, Malama. Ta ƙofar gaba za ki fita, ni zan raka ki. Kuma da bakina zan karanta masu wannan shafin."