Hannun da Ba a Sa wa Lalle Ba

Ranar Lahadi da hantsi, Sufeto Salih Nasidi yana shan shayi a ofishin 'yan sanda na unguwar Alsahafa a Khartum, sai ga wata tsohuwa ta faɗo ba ta jira iso ba. Ta dangwarar da waya a kan teburinsa.

"Janabu, an kwashe ni!"

Janabu shi ne "ranka ya daɗe" na mutanen garin. Da Larabci ta faɗa, amma kunnen Salih ya jiyo Hausa a ƙarƙashin harshen. Shi ma jikan mahajjata ne, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba, ko a gaban wa. Ya miƙe ya jawo mata kujera.

"Iya, zauna. Faɗa mini da harshen gida."

Sunanta Kubura. Shekara goma sha tara tana tuyar ƙosai a bakin tashar Suk al-Shabi. Kakanta ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a gaɓar Nilu, ya zauna noman auduga har Allah Ya karɓi abinSa. Ita ta ɗau alwashin ƙarasa masa tafiyar. Kuɗin kujera sun cika a banki, ranar Alhamis za a rufe biya. Yau ta je biya, aka ce mata asusun wayam.

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Hamuda, ɗan ƙanena. Shi ya sa mini bankin a waya. Mutanen gida duk shi suke nunawa da baki."

Salih ya sa aka nemo bayani daga banki. An tura kuɗin ranar Talatar da ta wuce, sha ɗaya da rabi na safe, daga wayar Iya da kanta, da lambar sirri daidai. Saƙon da banki ya aiko kuwa an goge shi.

Ya sami Hamuda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar kanikawa, kwance a ƙarƙashin wata bas, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ka san lambar goggonka?"

"Wallahi ban sani ba, Janabu."

"Ita ta ce kai ka zaɓa mata."

Hamuda ya fito daga ƙarƙashin motar. "Na sani. Tsoro ne ya sa. Amma in ci kuɗin hajjin Goggo? Gara hannun ya shanye."

Mai gareji da masu motoci biyu suka shaida cewa ranar Talata tun safe yana kan injin nan har la'asar. Salih ya harari Hamuda, ya ce ƙarya gaban hukuma ita ke ɗaure marar laifi, ya wuce.

Ya koma gidan Iya. "Talata da hantsi ina kike?"

"A nan tsakar gida, ana mana lallen sunan jikar maƙwabta. Hannu da ƙafa duk a ɗaure, ko ƙuda ban iya korewa ba, balle in taɓa waya."

"To yaya kika biya mai lalle?"

Iya ta dafe kai. "Innalillahi! Na ce wa Safa ta ɗau wayar ta biya kanta. Na faɗa mata lambar daga inda nake kwance."

"Da ƙarfi?"

"Haba ɗan nan, mai tallan ƙosai a tasha ta iya raɗa ne?"

Mata biyar ne a wurin. Bayan an biya, an kai wayar ɗaki an sa ta a caji.

Safa mai lalle ta tarbe shi da rantsuwa tun bai tambaya ba. Ita ba ta taɓa wayar kowa ba, kuɗi a hannu aka ba ta. Salih ya nuna mata takardar banki da sunanta a jiki. Nan take ta sauko.

"Na biya kaina haƙƙina kawai, Janabu."

"Matan nan duk kin gama musu?"

"Kowa hannu biyu, ƙafa biyu," ta faɗa tana kallon ƙasa.

Kuɗin sun sauka ne a asusun wani Ɗantsoho, ɗan kasuwar Omdurman, irin masu karɓar kuɗi ta waya su ba ka tsaba su cire ladansu. Washegari Salih ya haye gada ya same shi a rumfarsa.

"Wa ya karɓi kuɗin nan?"

"Mace ce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce na mijinta ne. Ni ban san na sata ba ne."

"Me ka gani a jikinta?"

Ɗantsoho ya sosa ƙeya. "Abu ɗaya ya ba ni dariya. Da tana zuba kuɗin a jaka, hannun hagu baƙin lalle sabo fil, na dama kuwa fari fat. Na ce a raina, wace matar aure ce ke fita kasuwa da rabin ado?"

Salih ya yi murmushi. Shi da ya tashi a tsakanin 'yan'uwa mata bakwai, ai ba a ba shi labarin lalle. Safa kam ta fita daga zargi, don yatsun mai lalle ba sa rabuwa da baƙi.

Ranar Talata da la'asar ya tara matan a tsakar gidan Iya, Hamuda na tsaye a bakin ƙofa.

"Ku yi haƙuri, iyayena. Kowa ta miƙo hannayenta."

Duk hannu biyu da lalle. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Hajara, maƙwabciyar da ke ce wa Iya uwa, wadda ke aikowa da kwano a zuba mata ƙosai kyauta. Furen hagu siriri ne kamar ɗinki. Na dama kuwa ya karkace, kamar kaza ta taka taɓo.

"Safa, kin ce kowa hannu biyu kika yi wa. Ashe haka aikinki yake?"

Safa ta leƙa, ta yi tsalle. "Ni? Allah Ya kiyaye! Shekara goma ina zane a Khartum, wannan ƙazanta ba tawa ba ce! Hagu kawai na yi mata, ta ce a bar mata dama za ta dafa mana shayi. Tsoron shiga shaida ne ya sa na rufe."

"Gobe da safe Ɗantsoho zai zo ya gan ki," Salih ya ce wa Hajara. "Ko za ki hutar da shi?"

Hajara ta zube ƙasa, ta faɗi gaskiya. Ta ji lambar, ta shiga ɗaki da sunan ɗauko sukari. Na daman ita ta zana wa kanta da hagu. Ɗanta take son turawa Libiya, mai hanyar bai zo ba tukuna. Kuɗin na cikin buhun dawa a ɗakinta.

Aka kwance buhu, ga su nan a ɗaure yadda Ɗantsoho ya ba ta. Iya ba ta dubi kuɗin ba. Ta nufi Hamuda ta kama hannunsa mai baƙin mai, ta ɗaga a gaban kowa.

"Ku gan shi da kyau. Jinin kakana Malam na Haɗeja ne, ba ma cin amana."

Wata 'yar sanda ta tasa Hajara gaba zuwa mota, ita kuwa Hajara ta cusa hannayenta cikin mayafi. Salih ya ji ƙirjinsa ya cika da alfahari da wannan tsohuwa. Ya ce gobe da kansa zai raka ta banki, jibi ta biya kujerarta. Ya sa ta canza lambar da hannunta, ta juya masa baya tana dannawa.

"Iya, me kika sa? Faɗa mini don kada ki manta."

Ta soke wayar a ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Janabu, ko kakana ne ya tashi ya tambaya, sai dai in ce masa mu haɗu a Arfa."